Shekara nawa yaro zai kai a bar shi ya tafi makaranta shi kaɗai?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Sadiq ya shiga aji 3, shekararsa 8. Babansa ya ce kuɗin mai kabu-kabu ya ishe shi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kullum sai ƙari, wai a bar yaro ya riƙa takawa. Muna unguwar Badariya a Birnin Kebbi, makarantar ba nisa, amma sai an tsallaka babban titi. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Hajiya Kulu: Wa alaikumus salam ɗiyata. Mu da munka yi karatu wa ya kai mu? Ka ɗauki allonka ka bi yayyenka. Amma fa lokacin nan motocin garin ga duka sai ka ƙirga su. Tun da anka yi jiha a 1991 Birnin Kebbi ta sake, yanzu ni kaina titi tsoro yake ba ni.

Malam Bello: Maman Sadiq, a bar maganar shekaru tukuna, a duba hanyar. Ni malamin firamare ne, kullum da safe ina bakin ƙofa ina kallonsu. Yaron da bai kai 10 ba yana ganin mota sarai, abin da bai iya ba shi ne auna gudunta, sai ya ɗauka zai riga ta. Ga shi gajere, in ya fito ta bayan motar da aka ajiye ko tsayayyen keke napep, mai babur ba ya ganinsa sai ya iso kansa. In kuwa ya hango abokinsa a wancan ɓangaren, duk abin da kika koya masa ya tafi. Likitocin yara a Amurka ma shekara 10 suke cewa kafin yaro ya tsallaka titi ba babba. In hanyar lungu ce har ƙofar makaranta, ɗan shekara 7 ma zai iya bin ayarin yaran unguwa. Amma babban titi ga ɗan 8, ban ba da shawara ba.

Baban Ummi: Malam, to shi kabu-kabun lafiya ne? Yara biyar a babur guda, ɗaya kan tanki, na ƙarshe rabin jikinsa a waje, jaka na rinjayarsa, wani ma gyangyaɗi yake. Wallahi gara yaro ya taka da yayansa da wannan lodin.

Anti Rabi: Gaskiyarka Baban Ummi. Mu a layinmu a Gesse gida uku muka haɗa muka ɗauki mai keke napep, ɗan unguwa ne, mun san gidansu, mun san mahaifinsa. Kuɗin wata muke ba shi. Sharaɗinmu biyu: ba ya ɗora yaro gefensa a gaba, kuma in ba zai zo ba ya kira, kada ya turo wani yaronsa da ba mu sani ba. Da aka raba kuɗin ya fi sauƙi a kan kowa ya ɗauki nasa mai babur.

Baban Ummi: Masu kai yara da mota kuma, hukumar kiyaye haɗura ta ce yaron da bai kai 12 ba kujerar baya zai zauna. Ba kan cinyar direba ba, don Allah.

Maman Sadiq: Malam Bello, to yaya zan gane ya isa?

Malam Bello: Ki raka shi, amma shi zai ja gaba, shi zai ce miki yanzu a tsallaka, ke ki yi shiru ki ga hukuncinsa. Hagu zai fara dubawa, sannan dama, ya sake duba hagu, don a layin da ke kusa da shi ta hagu mota ke fito masa. Inda babu gefen masu ƙafa, ya bi hannun da zai fuskanci motoci, kada su zo masa ta baya. In ya ƙware, wata rana ki sa wani ya bi shi daga nesa bai sani ba. A nan ake gane mai tsayawa kallon ƙwallo da mai gudu a titi.

Kawu Garba: Ku na birni titi ne damuwarku. Mu nan Yauri akwai yaran da sai sun shiga kwalekwale. Tun hatsarin jirgin ruwa na garin Warrah a 2021 ban yarda ɗana ya hau ruwa ba rigar kariya ba, ko da babba a tare.

Hajiya Kulu: Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Ku kuma koya wa ɗiya lambar wayar uba da ka, kamar yadda suke haddace Fatiha. Kuma duk wanda ya tare su ya ce babanka ya aiko ni, ko sun san fuskarsa, su koma wajen malami.

Anti Rabi: Amin Hajiya. Komowar ma abin dubawa ce. Watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40, a tashe su da azahar, ga takalmin roba. Gorar ruwa dole. Islamiyyar yamma kuwa in an kusa magariba, mace ko ta kai 12 ba na barinta ta dawo ita kaɗai.

Maman Hafsa: Maman Sadiq, ashe ma hanyarmu ɗaya. Hafsa tana aji 1 na ƙaramar sakandare, tana da natsuwa, ita ke tsallakar da ƙannenta biyu. Ƙarfe 7:15 suke fita. Sai dai lokacin tashinsu ba ɗaya ba ne, ba ta iya ɗauko shi.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai Yaya, bari Babansa ya dawo mu yi magana. In safiya ta samu, ko ɗaukowar kaɗai ya biya. Anti Rabi, mai keken naku yana zuwa Badariya?

Anti Rabi: Kekensa ya cika, amma zan tambaye shi ko ya san wani amintacce a wajenku. Ki yi min magana ta gefe.