Sabobi biyu na Proxmox sun daina aiki tare bayan ɗaukewar wuta: ina mafita?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina kula da sabobi biyu a wata ƙaramar ma'aikata a nan Damagaram, duka suna ɗauke da Proxmox VE 8, manhajar da ke ba da damar gudanar da injunan kwamfuta da dama (virtual machines) a cikin saba ɗaya, kuma an haɗa su wuri guda domin a riƙa sarrafa su daga shafi ɗaya. Duk lokacin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba har batirin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ya ƙare, sai ɗaya ta tashi ɗayar kuma ta ƙi, wadda ta tashin ma ba ta kunna injunan da ke cikinta, ba ta kuma yarda a sauya ko da layi ɗaya a saitinsu. Wani lokaci ina shiga shafin sarrafawa ta tasha 8006, sai ya kore ni da saƙon cewa tikitin shigata ba shi da inganci. Ban da wannan, umarnin apt update na duba sabbin manhajoji yana tsayawa da lambar kuskure 401. Shin ciwo ɗaya ne, ko kowanne da maganinsa?

Injiniya daga Birni:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu uku ne daban, amma na farko shi ne babba, kuma ba lalacewa ba ce, haka aka tsara manhajar da gangan. Kowace sabar da ke cikin haɗin tana da ƙuri'a ɗaya, kuma Corosync, manhajar da ke ƙidayar ƙuri'un, ba ya barin a yi wani sauyi sai an sami fiye da rabin ƙuri'un. Idan sabobin uku ne, biyu sun wadatar. Idan biyu ne kawai, ƙuri'a ɗaya rabi ce cif, ba ta kai rinjaye ba, don haka jakar /etc/pve da ke ɗauke da saitunan takan koma ta karatu kaɗai, injunan da aka saita su tashi da kansu kuma su tsaya jira. Rubuta pvecm status, za ka ga ƙuri'un da ake tsammani da waɗanda aka samu.

Mafitar gaggawa ita ce pvecm expected 1, wadda ke sa sabar da ke raye ta ɗauki kanta a matsayin mai rinjaye. Ina roƙonka kada ka buga wannan umarni sai ka je da ƙafarka ka tabbatar ɗayar a kashe take, domin idan tana kunne, wayar sadarwa ce kawai ta yanke a tsakaninsu, kowacce za ta iya rubutu a kan faifan da suke tarayya ba tare da sanin ƴar'uwarta ba, kuma bayanan da suka lalace ta wannan hanya da wuya su gyaru.

Maganin dindindin shi ne a samo ƙuri'a ta uku. Ba sai ka sayi wata sabar ba: ƙaramar kwamfuta mai Debian, ko Raspberry Pi, ta isa. Ka saka mata corosync-qnetd, ka saka corosync-qdevice a kan sabobin biyu, sannan ka buga pvecm qdevice setup tare da adireshinta. Tun da ba ta cin wuta sosai, ana iya ɗora ta a kan batirin sola ta kwana a kunne.

Hajiya daga Sabon Gari:
Abin da Injiniya ya bayyana daidai ne, sai dai ina da ja a kan wuri ɗaya. Kafin a ƙara na'ura ta uku, Malam ya tambayi kansa ko yana buƙatar haɗin ma tun farko. A wurin da sabobin biyu ke shan wuta daga layi ɗaya, a ɗaki ɗaya, abin da ya kashe ɗaya shi zai kashe ɗayar. Idan ba a ƙaurar da injuna daga wannan zuwa waccan, ni na fi son sabobi biyu masu zaman kansu, kowacce tana aika kwafin ajiya zuwa wani faifai na waje. Idan kuma an kunna HA, wato tsarin da ke tayar da injuna a wata sabar idan tasu ta mutu, a kashe shi har sai an sami ƙuri'a ta uku, domin sabar da ta rasa rinjaye alhali tana riƙe da injunan HA takan sake kunna kanta bayan kimanin minti ɗaya.

Batun tikiti kuwa, ka fara duba agogo. Tikitin shiga Proxmox na awa 2 ne, kuma idan agogon sabobin ya saɓa, ɗaya ba za ta amince da wanda ɗayar ta bayar ba. Abin da ke riƙe agogo idan babu wuta shi ne ƙaramin batiri CR2032 da ke kan allon na'urar, kuma sabobin hannu da muke samu a nan yawanci da tsohon batirinsu suke zuwa, ga kuma zafin Afirilu da Mayu. Ka sauya shi, ka buga chronyc makestep, sannan hwclock --systohc. Ina ma zargin cewa mutuwar wannan batiri ce ke hana ta biyun tashi, domin saitin BIOS da ke umartar ta ta kunna kanta idan wuta ta dawo yakan goge tare da agogon.

Lambar 401 ta apt ba ta da alaƙa da waɗannan. Rumbun enterprise da apt ke neman manhajoji daga gare shi na masu biyan kuɗin rajista ne. Ka kashe shi, har da na Ceph, manhajar ajiyar bayanai, da ke zuwa tare da sigar 8, ka kunna pve-no-subscription daga sashen Repositories.

Ɗan Zango:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba, agogon ta biyu ya koma baya da shekaru, saitin kunna kai ma ya goge kamar yadda Hajiya ta zata. Na sauya batirin, shiga ta daidaita, apt ma ya wuce. Muna ƙaurar da injuna lokacin da ake share ƙurar hunturu daga na'urorin, don haka zan bar haɗin in ƙara ƙuri'a ta uku. Saura tambaya ɗaya, Injiniya: ta yaya zan sa sabobin su kashe kansu cikin tsari kafin batirin UPS ya ƙare?

Injiniya daga Birni:
Ka yi amfani da NUT, manhajar da ke sa ido a kan UPS. Ka haɗa UPS ɗin da ƙaramar kwamfutar nan ta USB, sabobin biyu su riƙa sauraronta ta upsmon. Kada ka jira alamar cewa batiri ya kusa ƙarewa, domin tsohon batiri yakan faɗi farat ɗaya. Ka saita upssched ya fara kashe su bayan ƴan mintuna da ɗaukewar wuta. Ka tabbatar na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwarsu ita ma tana kan UPS ɗin, in ba haka ba umarnin ba zai isa gare su ba.