Wai bishiya ma tana haddasa hazo? Tambaya kan oganosalfet

ƊanAjiUku: Salam jama'a. Dan Allah masu kemistiri a taimaka, an ba mu aiki kan wani abu wai oganosalfet da ke yawo a iska, na karanta har kaina ya ɗau zafi ban gane komai ba. Bishiyoyi ne ke kawo shi ko hayaƙin masana'anta? Ko dai irin ƙurar hunturun nan ce?

MalamSinadari: Wa'alaikumus salam. Ba ita ba ce, ƙurar hunturu ai ƙasa ce iska ke kwasowa daga su Bodele can Chadi, shi kuwa wannan a sama yake haɗuwa. In rana ta ƙwalle ganyen bishiya na fitar da wani gas, aisofirin, wajen tan miliyan 500 a shekara a duniya, iska ta sarrafa shi ya koma wani sinadari da ake kira IEPOX, wanda sai 2009 ma aka gano shi. To in ya faɗa kan ɗigon salfet mai tsami (sinadarin da ake samu daga salfa, wato farar wuta), wanda asalinsa hayaƙin kwal ne da man jiragen ruwa, sai su manne, su zama oganosalfet ɗin. Ka ga kenan da hannun kowa a ciki. Shi ya sa ya yi yawa a kudu maso gabashin Amurka, ga daji ga tashoshin wutar kwal, a 2013 an yi gagarumin awo a Alabama kan haka.

Maman_Ilham: Malam ka bar wajen daɗin ai. Ƙanina ka san sabulu ko? Gefe ɗaya na son ruwa ɗayan na gudunsa, to wasu oganosalfet ɗin haka suke, sai su taru a saman ɗigon su sassauta fatar ruwan, tururi ya samu sauƙin taruwa a kai. Ƙwayar fa yawanci ba ta kai maikiron 1 ba (milimita ɗaya a raba dubu), kaurin silin gashinka wajen 70 ne, amma a kan irinta gajimare ke kafuwa, in sun yi yawa ɗigon gajimaren sai ya zama ƙanana birjik, ya ƙara fari, ya mayar da hasken rana sama. Abin da ya fi burge ni kuma, in iska ta bushe saman ɗigon nan yana yin danƙo kamar alewa ta fara daskarewa, salfet na ciki an lulluɓe shi, sabon IEPOX ya zo ya rasa ta inda zai shiga da sauri.

ƊanAjiUku: Kai Anti na gode wlh. Kenan sanyaya duniya yake? To a bar su su yi ta ƙona kwal mana 😂

MalamSinadari: Haba ɗalibi. Shi ruwan sama ke wanke shi cikin kwanaki, kabon dayoksaid ɗin da ya fito tare da shi kuwa ɗaruruwan shekaru zai yi a sama, ga shi ƙwayar har can cikin huhu take shigewa. Don lafiyar mutane ne a 2020 aka rage salfa a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. Kar ka kuskura ka rubuta wa malaminka wancan dai.