Me ya sa Ubangiji ya hana Irmiya yi wa jama'arsa addu'a?

Matashiya daga Kaltungo:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba mun karanta Irmiya 7:16, inda Ubangiji ya umarci annabin kada ya yi wa mutanen Yahuza roƙo domin ba zai saurara ba, daga baya kuma na tarar an maimaita umarnin a 11:14 da 14:11. Abin ya tsaya mini a rai, domin tun muna yara ake koya mana cewa Allah mai jin addu'a ne. Ina neman ƙarin haske.

Dattijo daga Billiri:
'Yata, ki ƙara karanta ayoyi biyu gaba. Yara suna tara itace, iyayensu maza suna hura wuta, mata suna kwaɓa gari domin toya waina ga wadda suke kira sarauniyar sama, wato gida kaf ya shiga cikin aikin. Abin da ya fi muni shi ne ba su daina zuwa Haikali ba. Sukan ƙona wa Ba'al turare, sa'an nan su zo su tsaya a gaban Ubangiji suna cewa sun tsira. Raba ƙafa suka yi. A Ezekiyel 8 an nuna wa annabi Ezekiyel dattawa 70 suna ƙona turare a gaban zane-zanen gumaka a cikin duhu, da mata suna makokin gunkin da ake kira Tammuz, da maza wajen 25 da suka juya wa Haikali baya suna yi wa rana sujada, kuma a ƙarshen wannan surar ne Ubangiji ya ce ko sun yi kuka da babbar murya ba zai ji ba.

Malamar makarantar Lahadi daga Gombe:
Baba ya faɗi gaskiya. Ƙarin da zan yi daga Mahukunta 10 ne. Bayan Ammonawa sun matsa wa Isra'ilawa shekara 18, Ubangiji ya ce su je su yi kuka ga gumakan da suka zaɓa, amma da suka kawar da gumakan sai ya ji tausayinsu, aka sami ceto ta hannun Yefta. Sarki Manassa ma, wanda ya kafa gunki a cikin Haikali, an ji addu'arsa da ya ƙasƙantar da kansa a Babila.

Ɗalibin tauhidi daga Tafawa Ɓalewa:
Mama, a gafarce ni, ina ganin zancen Irmiya ya fi haka nauyi. A 15:1 Ubangiji ya ce ko Musa da Sama'ila ne suka tsaya a gabansa ba zai sauko ba, kuma a 15:4 ya ambaci laifin Manassa ɗin nan da suna. Jikansa Yosiya ya rushe bagadan gumaka, duk da haka 2 Sarakuna 23:26 ta nuna fushin bai huce ba. An riga an yanke wa ƙasar hukunci, Babilawa kuma suka ƙone Haikali wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Alkawarin cewa za su yi kira ya ji su yana cikin Irmiya 29, a wasiƙar da aka aika wa waɗanda aka riga aka kwashe zuwa bauta, kuma an ɗaure shi da cikar shekara 70.