Marfin cikin ƙofar Bitil ya ƙi zama: in huda ƙofar ko in gyara marfin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Volkswagen Bitil ce ta 1978, haɗin Legas. Marafan cikin ƙofofin gaba sun sha ruwa, katakon ya kumbura, ƙasansa ya ruɓe. An aiko min da sababbi daga waje, a kwalinsu an rubuta 1967 zuwa 1977. Da na kara na ɓangaren direba, kilif huɗu na sama da na gefen makulli sun kauce wa ramukan ƙofar da kusan santimita ɗaya. Wani ya ce in huda sababbin ramuka a ƙarfen, wani ya ce in ɗaure da sukuru ta gaba a wuce wurin. Wanne ya fi? Sannan ledar da ke manne a jikin ƙofar ta yayyage, dole ne sai an mayar da ita?

Fanel bita: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka taɓa ƙarfen. Kamfanin Volkswagen na Legas, wanda ya fara aiki a 1975, kayan Birazil yake harhaɗawa a lokacin, kuma Bitil ta Birazil ta ci gaba da tsohuwar bodi mai ƙananan tagogi bayan Jamus ta faɗaɗa nata daga samfurin 1965. Marfin da ka samu an yanka shi ne don ƙofar Jamus, shi ya sa lissafin shekara ya yi daidai amma ramuka suka saɓa. Duk ramin da ka ƙara a ƙofa ƙofar tsatsa ce, kuma ran da ka samu marfin da ya dace za ka tarar da ramuka biyu-biyu. Katako ake gyarawa ya bi ƙarfe.

Kafin ka yanke hukunci, duba kilif ɗin kansu. Na Bitil ƙarfe ne mai lanƙwasa, ana zura shi a ramin katakon ta baya, yana juyawa kuma yana ɗan matsawa. Sau da yawa juya shi kawai yana cinye milimita huɗu ko biyar. Abin da ya rage bayan haka shi ne ainihin saɓanin.

Mai kushin: Abin da oga ya faɗa haka yake. Ga yadda ake mayar da ramukan. Cire duk kilif daga sabon marfin. Samu takarda mai kauri ko kwali siriri, manna ta a ƙofar da salatef, ka goga fensir a kan kowane rami har gefensa ya fito, haɗe da sandar hannun gilashi da wurin mabuɗin ciki. Wannan takardar ita ce ma'auninka, ba tsohon marfin ba, don katakon da ya sha ruwa ya riga ya canza siffa. Ɗora takardar a bayan sabon marfin, ka fara daidaita ramin hannun gilashi da layin sama, sauran su biyo baya.

In ya tabbata sai an huda, ɗaga ledar da ta lulluɓe marfin daga bakin katakon a wurin, ka zura falle na ƙarfe ko katako tsakanin leda da katakon kafin ka sa injin huda. In ba haka ba bakin injin zai naɗe soson ya fito ta fuskar ledar, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ka tuna kan kilif ɗin ba a tsakiyar ramin katako yake zama ba, yana gefe. Gwada ɗaya a guntun katako ka auna tazarar kafin ka yi alama. In sabon rami ya kusa haɗewa da tsohon, toshe tsohon da guntun katako da gam, in ba haka ba wurin zai ɓalle ran da aka fara cire marfin.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na juya kilif ɗin, biyu sun shiga, biyu na gefen makulli har yanzu sun ƙi. Kuma na lura kusurwar sama tana taɓa robar ƙofa idan na rufe.

Mai kushin: To marfin ya ɗan fi ƙofar faɗi a nan. Kwance ledar a kusurwar, rage katakon da fayil kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ka bar tazarar milimita biyu zuwa uku tsakaninsa da robar. Wajen mayar da ledar, shanya ta a rana minti goma ta yi laushi, ka tsattsaga bakinta a kwana kamar haƙoran zarto don kada ta taru. Gam irin na masu takalmi za ka shafa a bayan katakon da bakin ledar kaɗai, faɗin santimita uku, ka jira minti goma zuwa sha biyar har ya daina kama yatsa sannan ka haɗa. Kada gam ya taɓa fuskar da soso yake: yana cin soson, kuma tabonsa yana fitowa a leda. Gam na feshi mai araha ba ya jure zafin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, saki yake yi.

Kafinta: In gyaran ya yi yawa, gara a yanka sabon katako a mayar da ledar kansa. Filawud mai milimita 3, a shafe bayansa da bakinsa da banish sau biyu. Ya fi katakon asali jure ruwa.

Fanel bita: Malam kafinta, milimita 3 ɗin nan ita ce sharaɗin. A kasuwa mai 4 ko 6 aka fi samu, kilif ba ya hawa kansa, in ma ya hau hannun gilashi zai riƙa gogar leda. Kuma ƙofar tana da ɗan lanƙwasa, filawud mai kauri yana turjewa ya fizge kilif ɗin ƙasa. Ni a ganina katakon da ya zo da marfin ya isa in an hana ruwa isa gare shi.

Wannan ya kawo mu ga ledar da Alhaji ya tambaya. Dole ce. Ruwa yana shiga kowace ƙofa ta gefen gilashi, an yi ta ne ya sauka ya fita ta ramukan ƙasa. Ledar ce ke hana shi taɓa katako, rashinta ne ya ruɓar da tsofaffin. Sa leda mai kauri irin ta magina, ba ta shago ba. Manna ta a sama da gefe biyu, daga cikin layin ramukan kilif. A ƙasa kuma ka zura leɓenta cikin babban ramin ƙofar, yadda ruwan da ya bi ta zai koma ciki. Masu manne ƙasan a waje suna tara ruwa ne daidai inda katakon yake. Kafin ka rufe, zura waya ka buɗe ramukan ƙasan ƙofa, ƙurar hunturu takan toshe su ta zama laka. Duba robar da ke share gilashi ta waje, in ta bushe ta tsattsage canza ta yanzu. Sa giris a haƙoran injin gilashi tunda wurin a buɗe yake.

Bakanike: Saura ɗorawa, a nan ake ɓata sabon marfi. Kowane ramin ƙofa yana da 'yar roba da kilif ke shiga cikinta. Tsofaffin sun bushe, a canza su duka, in babu su marfin zai yi ta ƙara a hanya. Ɗiga ruwan sabulu a kowacce. In madogarar hannu ta baya ake ɗaure ta, ɗaure ta kafin marfin ya hau. Akwai sifirin mai siffar mazurari a sandar hannun gilashi, bakinsa mai faɗi ne ke kallon marfin. Leƙa ta gefe ka tabbata kan kowane kilif yana bakin raminsa, sannan ka danna da tafin hannu daidai kansa, daga sama zuwa ƙasa. Ban da guduma, ban da naushi. Kilif ɗin da bai sami rami ba baya yake komawa ya huda leda.

In ba a huda ledar wurin hannun gilashi ba, bari sai marfin ya zauna, ka lalubo kan sandar da yatsa, ka yi ƙaramin yanka mai siffar giciye da reza. Hannun kansa iri biyu ne: na da yana da siririn fil da ake gani in an danna zoben da ke bayansa, na baya sukuru ne a ƙarƙashin murfin roba. Ɗaga gilashin duka kafin ka sa shi, ka saita shi inda ba zai bugi gwiwa ba, ɓangarorin biyu su kalli wuri ɗaya.

Mai kushin: Sukuru ta gaba kuwa, Alhaji, a bar wa motar haya. Yana tsaga leda a kewayensa, tsatsarsa tana zubo wa marfin. Kilif biyun da suka rage, huda musu sababbin ramuka a katakon yadda aka bayyana, ka gwada marfin a ƙofar sau ɗaya kafin ka mayar da gam a kusurwar.