Wai sai an ɗaure abin bauta da doka labari zai yi armashi?

Ɗan Agege: Jama'a, na karanta babi ukun da ƙanwarmu ta turo jiya. Duniyar ƙirƙira ce mai alloli bakwai, an hana su bayyana ga mutum da siffarsu, sai dai su ari jikin wani. Ni dai na ce wayon marubuci ne kawai. In har abin bautar yana da ƙarfi, wa ya isa ya hana shi? An sa dokar ne don kada labari ya ƙare a shafi na biyar.

Malamar Idi-Araba: To Yaya, ai ka faɗi amfaninta da bakinka. Kuma ba ita ta fara ba. A almarar Girkawa, wata mata mai suna Semele ta nace sai ta ga Ziyus, babban allolinsu, yadda yake. Ya riga ya rantse zai ba ta duk abin da ta roƙa, ya zo da tsawa da walƙiya, ta ƙone ƙurmus. Ɗan da ke cikinta a cinyarsa ya ɗinke shi har ya isa haihuwa.

Ɗan Agege: Wannan ba hani ba ne, Malama, jikin ɗan Adam ne ya kasa ɗauka. Na yarda da shi. Wanda ba ya shiga kaina shi ne a ce wai alloli sun yi taro sun kafa doka, kamar ƙungiyar masu tumatur.

Alhaji Mile 12: Kai yaro, ka fita harkar masu tumatur. Sannan a riƙa cewa "a labarinsu". Allah ɗaya ne.

Malamar Idi-Araba: Haka ne Alhaji, maganar adabi ake yi.

Baban 'Yan Biyu: Irin taron da kake raina ma daɗaɗɗe ne. A Iliad, tsohuwar waƙar Girkawa, kashi na 8, Ziyus ya tara alloli ya hana su tsoma hannu a yaƙin Turoi. Zuwa kashi na 14 matarsa Hera ta yaudare shi ya yi barci, Fosaidon, abin bautarsu na teku, ya samu sarari ya taimaki Girkawa. Daɗin dokar a nan yake, a kafa ta mu ga wa zai karya, da wace dabara, me kuma zai biyo baya.

Goggo Obalende: Ku kuna ta tafiya Girka, ga abu a gida. Ba yabon bori nake ba, amma ku dubi tsarinsa. Iska ba ya zuwa haka siddan. Sai an kaɗa garaya, an yi masa kirarinsa, kafin ya hau dokinsa ko goɗiyarsa. Ɗan Galadima da rigarsa da kyautarsa, Sarkin Rafi da haukarsa. In zai sauka a yi atishawa, wanda aka hau ya tashi jiki duk ciwo, bai san me ya yi ba. Maƙwabtanmu Yarbawa ma hawa suke cewa Sango, abin bautarsu na tsawa, yana yi. Ranar bikin dodannin Eyo kuma je ka unguwar Isale Eko a Legas da takalmi da hula ka sha sanda. Ko'ina akwai abin da ake biya.

Ɗan Agege: Yauwa Goggo! To a babi na biyu an ari jikin mai sayar da kifi kwana uku cur, ta farka garau ta koma kasuwa. Ko mijinta bai tambayi inda ta kwana ba.

Marubuciyar: Yaya, kai ma da gaggawa. Duk wanda aka ara, shekara guda ake zare masa daga rayuwarsa. A babi na tara za a gane.

Baban 'Yan Biyu: Babi na tara ya yi nisa, ƙanwata. Ko furfura ɗaya ki sa mata tun a na biyun.

Marubuciyar: Furfura kam zan sa. Mijin kuwa ya sani sarai, shi ya karɓi kuɗin.