Neman kalmar Hausa: me za mu kira karen "terrier"?

Malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara, shawarata ita ce mu riƙa cewa "karen rami", jam'i "karnukan rami", maimakon "karen farauta" da ake yawan faɗawa cikinsa.

Sunan "terrier" ya samo asali ne daga kalmar Latin "terra", wato ƙasa, ya bi ta Faransanci ya shiga Turanci. A Birtaniya da Ailan aka yi kiwon yawancin waɗannan karnuka, kuma aikinsu shi ne su kutsa cikin rami su fito da yanyawa, ko su kashe ɓeraye a rumbuna da masaƙu. Karen farautar da muka sani dogo ne mai gudu da ke bin zomo a fili, shi kuwa wannan gajere ne mai ƙarfin hali, wanda yake tona ƙasa da ƙafafun gaba, yana haushi daga can ciki domin mai shi ya san inda zai haƙa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tonon gafiya zai gane aikin nan take.

Na san za a ce ba dukkansu ke shiga rami ba. Gaskiya ne, domin na kwarin Aire da ke yankin Yokshaya a Ingila ya yi wa rami girma, ƙaramin na Yokshaya kuma yau a kan cinya ake ɗora shi. Amma ai mu ma muna cewa gidan maƙera ko da jikokin sun daɗe da ajiye guduma. Masu kiwonsu ma da zuri'a suke tunƙaho, kuma sau da yawa gadon gida ne: iyalin Malcolm na Poltalloch a Sikotilan su aka sani da fararen karnukan yammacin tsaunuka, limamin coci John Russell kuwa, wanda ya rasu a 1883, har yanzu sunansa wani jinsi yake ɗauke da shi.

Idan aka ari kalmar Turancin aka ce "teriya", ba ta gaya wa mai karatu komai, "karen ɓera" kuma ya taƙaita aikin ƙwarai. "Karen rami" ya hau tsarin da muke da shi a "karen ruwa" da "karen daji", sannan yana karɓar ƙari cikin sauƙi, a ce karen rami ɗan Yokshaya ko karen rami na Russell. Idan mafarautan wani yanki suna amfani da wannan suna ga wata dabba dabam, ina roƙon a sanar da mu kafin mu tsayar da shi.