Jikin yarona da ɗumi: haƙori ne ko maleriya?

Mai koko, unguwar Aboabo a Kumasi, Ghana:
Salamu alaikum 'yan uwa. Autana ɗan wata 11 jikinsa ya ɗau zafi tun daren jiya. Na sa ma'auni a hammata, ya nuna 37.9. Yana kama nono, yana ma rarrafe yana ja mini kwanukan koko. Surukata ta ce haƙori ne, in ƙyale shi. Maƙwabciyata kuma ta ce in je kyamis in karɓo maganin maleriya, tunda gidanmu bakin kwata yake, sauro ba ya ɗaga ƙafa. Wa zan bi?

Nas, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. A hammata, daga 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne, nasa mai sauƙi ne. Tunda yana shan nono yana wasa, hankali ya kwanta, amma kada ki ba shi maganin maleriya da ka. Tsarin Ghana a gwada kafin a ba da magani: ɗigon jini a yatsa, kamar minti 15 an gani. Yau ɗin nan ki kai shi asibiti, da katin inshorarsa da littafin awo. Haƙori kan sa ɗan ɗumi da dalalar miyau, sai dai an sha jingina masa maleriya har yaro ya galabaita.

Kafin nan ki rage masa kaya, ki yawaita nono da ruwa. In yana ƙorafi ki ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Asfirin ba na yara ba ne.

Kaka, Sabon Zango:
Ɗiyata, mu a da tsumma muke jiƙawa da ruwan randa mu shafe yaro. Har yanzu ana yi?

Nas, Asawase:
Ana yi Hajiya, amma da ruwan ɗumi. Mai sanyi yana sa shi rawar ɗari. Kuma in yaro ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko numfashi da sauri, ko barcin da ba ya tasuwa, ba a jiran gari ya waye, sai asibiti, Manhyia ko Komfo Anokye. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, ko ɗumin kaɗan ne a tafi da shi nan take.